Daga Injamena Zuwa Faya da Ƙafa Ɗaya

Tun da na dawo daga Chadi ba a bar ni na yi aiki a shago ba. Wannan ya shigo da takardar da za a buga masa, sai ya ja kujera: "Malam Sagir, yaya Injamena?" Wancan ya leƙo ta taga yana danne dariya: "Direban jirgi, an sauka lafiya?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Masu tambaya don su sani, ga shi nan. Masu tambaya don su yi dariya su ma su karanta, amma kada su jira in ba wani haƙuri don na ratsa ƙasashe saboda abin da suke kira wasan yara.

Ga wanda bai san ni ba, ina da shagon buga takardu a Kano, shekaruna sun haura arba'in, kuma shan inna ya cinye mini ƙafar hagu tun ina rarrafe. Da sanduna biyu nake tafiya. Tun ina yaro nake son jirgin sama, kuma tun a lokacin na san babu wanda zai ba ni nasa in tuƙa. Da kwamfuta ta shigo hannuna sai na samu manhajar nan ta kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda take nuna maka ɗakin matuƙi da sama da ƙasa kamar gaske. Ta dalilinta na shiga wani zaure na masu irin wannan sha'awa a intanet, a can na haɗu da Sani.

Sani Bahaushen Injamena ne, gyaran firji yake yi. Ya daɗe yana harhaɗa ɗakin matuƙi a cikin gidansu da hannunsa: kujerun mota biyu, sitiyari, talabijin uku a jere, maɓallai kamar a kantin kayan wuta. Ranar da ya gama ya turo mini hoto, ya ce, "Idan ka zo, kai ne a kujerar kyaftin, mu kai tayyara Faya." Tayyara suke ce wa jirgin sama. Faya kuwa gari ne can arewa a tsakiyar hamada. Ban taɓa yi masa zancen ƙafata ba. Ba ɓoyewa na yi ba. A zauren nan yadda ka sauke jirgi ake tambaya, ba a tambayar da me kake taka ƙasa.

Da na faɗi niyyata a gida, yayana Hamisu ya zo har shago.

"Masu ƙafa biyu ma suna shakkar hanyar Gamboru," in ji shi. "Kai da sanduna za ka je, don ka latsa talabijin?"

Na ce, "Yaya, da asibiti na ce zan je, da kai za ka raka ni tasha."

Matata Rabi ta gama ɗaura mini dambun nama a leda. Sannan ta ce, "Tafi. In ka fasa, ni ce zan sha ƙorafinka har tsufa."

Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗa, ban da zama da ya sandarar mini da baya. A masaukin da na kwana kusa da tasha, banɗakin na tsuguno ne, ƙasan kuma santsi. Sandata ta zame, na zauna daɓas a cikin ruwa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce to, ga saukar farko.

Hanyar Gamboru ita ce hanya. Sai motoci sun taru sannan sojoji su yi musu rakiya. A wasu shingayen kowa yakan sauka ya taka da ƙafa, motar ta biyo baya. A shingen farko wani soja ya leƙo ya ga sanduna, ya yi mini alama in zauna abina. Na ce a'a, yadda kowa ya sauka haka zan sauka. Ban yi nisa ba na gane na ɗebo da zafi, domin yashi ne, sandunan suna nutsewa, mutane duk sun wuce ni. Sai wata mata ta rage sauri ta jero da ni. Hajja Falmata ce, Babarbariya mai fataucin busasshen kifi, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta.

"Yi a hankali, ɗana," in ji ta. "Direban nan ba ya tashi ya bar ni, kayana ne rabin motar. Asibiti za ka a Injamena?"

"A'a, Hajja."

"Wurin mai magani?"

"Jirgin sama zan je in tuƙa."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah Ya ba da lafiya." Na lura lafiyar da take nufi ba ta ƙafa ba ce.

Daga Gamboru muka tsallaka Fotokol, cikin Kamaru. Ina zaune a gindin wata rumfa ina jiran mota ta cika, sanduna a gefe, sai wani mutum mai babbar riga ya zo wucewa ya jefa mini sadaka a cinya. Ko kallona bai yi ba. Na ɗaga murya na kira shi, na miƙa masa abinsa, na ce, "Alhaji, ka yar da kuɗinka." Ya tsaya yana kame-kame. Hajja Falmata ta ce na cika zafin kai, mutumin alheri ya nufa. Na ce na sani, amma da ya tambaye ni da ya ji shayi nake nema.

Daga nan zuwa Kusiri motar ta yi faci, ta kuma kafe a yashi, muka tura, wato suka tura ni kuma ina ba da umarni daga inuwa. A gadar da ta raba Kusiri da Injamena aka shiga duba fasfo. Jami'in ya yi mini tambaya da Faransanci, ya sake da Larabci, duk ban ji ba. Hajja Falmata ta ce yana tambayar abin da ya kawo ni. Na ce ta gaya masa gaskiya. Ta ce ita ba za ta faɗi wannan magana a gaban hukuma ba. Sai na ciro waya na nuna masa hoton ɗakin Sani. Ya daɗe yana kallo, ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai suna buɗe hoton da yatsa. Ƙarshe ya buga mini hatimi, ya sara mini yana dariya. Na rama sarawar ban yi dariya ba.

A can kilando suke ce wa acaɓa. Na hau ɗaya, na gicciya sanduna a cinya, muka zama kamar jirgi mai fukafukai. Kafin mu fita daga cunkoson bakin gada na maƙalo buhun wani, na ture hular wani. Zagin da na sha da Larabci ne, don haka bai dame ni ba.

Sani yana jirana a inda muka yi alkawari, dogo, fari tas da jallabiya, ya naɗa rawanin nan nasu da suke kira kadamul. Na tsaya a gabansa, shi kuwa yana ta leƙen bayana yana neman baƙonsa. Na ce, "Sani, ko tayyarar ta tashi ba ni?" Ya gane muryar. Idonsa ya sauka kan sanduna, fuskarsa ta canza, sannan ya yi maza ya gyara ta. Ya rungume ni yana "Lale, lale!" Daga nan fa ya shiga hidimar da na fi tsana. Ya karɓe jakata, ya riƙe mini gwiwar hannu, har yana neman ya ɗaga ni ya sa a mota. Na ce, "Sake ni. Daga Kano na zo, ba wanda ya goyo ni."

Gidansu a unguwar Ambasatna yake, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta tare ni da gaisuwar da ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Ka amsa lafiya, a sake tambayarka lafiya, da Hausa, da Larabci, a koma Hausa. Hausarsu kuwa sai ka kasa kunne. Mota watir ce, wutar lantarki kuran ce, gada kubri ce, amma a tsakiya sai ka ji wata tsohuwar kalma da rabona da ita tun kakata na da rai. Iya ta ce kakanninta daga Katsina suka taso da ƙafa za su Makka, suka tsaya a nan su yi noman damina ɗaya su ƙara guzuri. "Har yanzu a kan hanya muke," in ji ta, "hutawa muka ɗan yi."

Abinci a faranti ɗaya ake ci, maza su kewaye shi, ba kamar mu da yanzu kowa ke jan kwanonsa ba. Tuwonsu sunansa esh, ga miyar kuɓewa da busasshen kifi, sai wani fanke mai faɗi siriri mai ɗan tsami da suke kira kisar. Zoɓo karkanji ne a can. Naman raƙumi gasasshe na ci da burodi, na yi zaton zai yi tauri, ashe ya fi na wasu shanunmu laushi. Shayi kuwa ja ne, sukari kamar za a yi alewa, kuma idan ka ajiye kofi ba ka ce komai ba, an sake cikawa.

Washegari da hantsi Sani ya buɗe mini ɗakin. Wallahi hoton bai faɗi rabin abin ba. Na jingine sanduna, na zauna a kujerar hagu, na shafa sitiyarin. Sai na dubi ƙasa na ga feda biyu. A gida abin tuƙina na hannu ne, murɗa shi nake yi in juya wutsiyar jirgi. A nan kuwa Sani ya yi shi yadda yake a jirgin gaske: ka taka ta dama hancin jirgi ya yi dama, ka taka ta hagu ya yi hagu. Ba a tashi ba a sauka sai da su.

Sani ya ga inda nake kallo. Ya ce a hankali, "Kyaftin, kada ka damu. Akwai irinsu a gabana. Kai ka riƙe sitiyari, ni in taka."

"In ka taka, wa ya tuƙa?"

"Mu biyu. Ai haka ake yi."

"Ba haka muka yi da kai ba. Cewa ka yi ni ne a kujerar kyaftin."

"Ban san..."

"Faɗi mana. Ba ka san gurgu ba ne."

Ya rantse ba haka yake nufi ba. Na san ba mugunta ba ce, amma raina ya riga ya ɓaci. Na jawo sanda ɗaya na ɗora kan fedar hagu, na ce mu tafi. Jirgin fasinja ne mai inji biyu. Na tura totur, muka fara gudu a titin Injamena. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a sanda, totur kuma yana jiran hannu na uku. Jirgin ya karkata, na danna sandar ta zame, muka bar kwalta muka faɗa ciyawa, allon ya yi baƙi.

Maƙwabta sun taru a bakin ƙofa suna kallon baƙon Kano. A cikinsu wani ya ce, "Miskin." Daga baya Sani ya yi mini bayani cewa a bakinsu kalmar tausayi ce kawai, kamar mu ce Allah sarki. Amma ni da kunnen Kano na ji ta, kuma kowa ya san wanda muke kira miskini. Sani ya ce a huta a sha shayi. Na ce ba inda za ni.

Na sunkuya ina duba fedojin. Sai na ga da sarƙar keke ya haɗa su, idan ɗaya ta yi gaba ɗayar sai ta dawo baya. Wato in na iya jawo ta dama baya, daidai yake da na taka ta hagu.

Na ce, "Ba ni igiya."

"Ta me?"

"Ɗaure mini ƙafar nan a jikin fedar. In tura, in jawo."

Ya ce zai ji mini ciwo. Na ce ƙafata ce. Ya duba ɗakin bai ga igiya ba, sai ya warware kadamul ɗinsa, ya durƙusa ya naɗe mini ƙafar dama da fedar, ya ƙulle. Na ce ya ƙara tamkewa. Ya ƙara.

Muna cikin haka sai ga Iya da 'yar kujerarta ta tsuguno. Ta kori masu leƙe, ta ajiye kujerar a bayanmu, ta zauna da carbinta. Ta ce ita ba ta taɓa shiga tayyara ba, ba ta taɓa ganin Faya ba, kuma tunda ga direba ya zo daga Kano, da ita za a tafi.

Wannan karon jirgin ya miƙe. Ya so ya karkata, na jawo ƙafa, ya dawo tsakiya. Na ja sitiyari, ƙasa ta sake mu. Kogin Shari ya bayyana a ƙasa, Iya ta ce, "Bismillahi," ta riƙe bayan kujerata. Muna cikin hawa, ban gama jin daɗin abin ba, sai ɗif, komai ya mutu.

"Kuran ya yanke," in ji Sani.

Ya fita tayar da janareta, wanda su suke kira gurup. Ya daɗe yana ja yana tsaki. Ya leƙo ya ce bari ya kwance ni kafin nan. Na ce kada ya taɓa, ɗaurin ya zauna daidai, ba lallai a sake samun irinsa ba. Haka na zauna ɗaure kamar akuyar kasuwa, Iya tana yi mini fifita tana ba ni labarin yadda aka yi bikinta. Da wuta ta dawo muka sake tashi daga farko.

Tafiyar ba ta da tsawo, sa'a guda da 'yan kai. Kore ya yi ta raguwa har ya ƙare, muka wuce saitin garin Musoro, daga nan sai yashi, tudu bayan tudu. A sama ba a bukatar feda, don haka muka samu sararin hira. Sani ya ce mahaifinsa ya taɓa bin wannan hanya a bayan babbar mota, suka yi kwanaki, ruwansu ya kusa ƙarewa. Iya ta leƙa allon ta ce, "Nan duk ba rijiya?" Na ce babu, Iya. Ta ce to in yi sauri in wuce wurin. Ni kuwa a lokacin ƙafata ta fara dunƙulewa, yatsun sun daina jin komai. Ban faɗa ba.

Da muka fara gangarowa, dabinon Faya ya fito kamar an zuba baƙin zare a kan yashi. Sani ya saita na'urar ta ɗauko yanayin garin na gaske a ranar, kuma iska ake yi mai ƙarfi, tana bugowa daga dama. Ma'ana, ina taɓa ƙasa sai na juya hancin jirgin hagu, ɓangaren da ba ni da ƙafa. Ta gefen ido na ga hannun Sani yana lallaɓawa wajen kwamfutar.

"Me za ka yi?"

"Iskar ta yi yawa. Ko ni ban cika sauka a irinta ba. Bari in rage kaɗan."

"Cire hannunka."

"Sagir, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Cire."

Ya cire. Na sauke tayoyi. Titin yana zuwa a karkace, jirgin yana tafiya kamar kaguwa, hancinsa na kallon iska. Gumi ya cika mini ido, ba hannun sharewa. Sani yana kiran tsayin da ya rage, muryarsa na rawa kamar da gaske rayuka ne a bayanmu. Da ya kira na ƙarshe na rage totur, na jawo ƙafar da duk ƙarfina. Jijiyar ƙwaurina ta ɗaure, zafin ya harba har ƙugu, na yi ƙara. Jirgin ya bugi ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugawa. Lasifikar da Sani ya sa a ƙarƙashin kujeru ta girgiza ɗakin, Iya ta saki salati. Iska ta sake fizgar mu dama, gefen kwalta yana matsowa, na ci gaba da ja ina cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Muka yi ta rage gudu, muka tsaya. Tayar dama tana dab da yashi, amma a kan kwalta take.

Ɗakin ya daina girgiza. Sai ƙarar gurup a waje. Can Sani ya kashe injinan ɗaya bayan ɗaya, ya juyo ya ce, "Kyaftin, mun iso Faya." Ya faɗe ta ba tausayi a ciki, yadda mataimaki ke gaya wa na gaba da shi. Abin da na zo nema ke nan.

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, don ja ya tamke shi ƙam. Da almakashin Iya aka yanka kadamul ɗin. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma da yake ita kaɗai gare ni, sai ga ni a tabarma na kwanaki, ko banɗaki sai Sani ya ba ni kafaɗa. Wannan karon na karɓa, tunda ni na jawo wa kaina, kuma shi ma ya daina yi mini kamar ƙwai. Har tsiya yake mini wai na ci masa rawani. Bayan kumburin ya saɓe na biyo hanyar da na bi na dawo, ba abin da ya same ni sai ƙurar mota da ciwon baya.

Amma kafin in taso, kullum da safe Iya takan zo da ruwan zafi da man shanu ta gasa mini ƙafar, tana yi tana faɗa.

"Kai dai akwai taurin kai. Guda ɗaya Allah Ya bar maka, ita ma kana nema ka ƙarasa ta."

Na ce, "Iya, ai ta kai ki Faya."

"Ta kai ni, amma ka buga ni da ƙasa har sau biyu."

"Iska ce, Iya."

Ta matse tsumman, ta ɗora a inda ya fi ciwo, ta danna har na yi ƙara. Sannan ta ce, "In ka warke ka sake zuwa, Makka za ka kai ni. Kuma ka koyi sauka kafin nan."